Tabon huhu: garkuwar jiki ce ke jan ragama ko ƙwayoyin da ke saƙa tabo?

Ɗalibar Aji Biyar:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Akwai abin da ya ɗaure min kai a darasin cututtukan huhu, ina roƙon a warware min. An koya mana cewa duk tabon da ya fito a jiki kumburi ne ya riga shi. A ji rauni, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a wurin, sannan ƙwayoyin da ke saƙa tabo, wato faiburobulas, su zo su cike gurbin da kolajin, zaren furotin da tabo ke ginuwa da shi. To in haka ne, me ya sa a tabon huhun nan da ba a san sanadinsa ba, wanda ake taƙaitawa da IPF, aka hana ba da firedinisolon da sauran magungunan danne garkuwa? In garkuwa ce ke hura wutar, ai danne ta ya kamata ya kawo sauƙi. In kuma babu ruwanta, me ya sa duk takardar binciken da na buɗe maganar ƙwayoyin garkuwar nan da ake kira makurofej ake yi?

Likitan Ƙirji:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan tunanin naki shi ne na akasarin likitocin duniya har wajen shekarar 2000, kuma a kansa aka daɗe ana ɗura wa marasa lafiya sitiroyid.

Fara da tuna yadda wurin yake. Huhun babban mutum yana da 'yan jakunkunan iska kusan miliyan 480, kuma bangon da ya raba iska da jini a cikinsu, inda ya fi siranta, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Tabon da in a fata yake ko kulawa ba za ki yi ba, in ya zauna a wannan bangon, oksijin ba zai tsallaka cikin jini da sauri ba, huhun kuma ya yi tauri ya ƙi buɗewa. Shi ya sa za ki ga dattijo a zaune lafiya lau, na'urar ɗan yatsa tana nuna oksijin ɗinsa daidai, amma da kin ce ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo, lambar ta zube ƙasa, shi kuma ya dafa bango yana haki.

A 2001 Moisés Selman da Annie Pardo na ƙasar Meziko, tare da Talmadge King na Amurka, suka rubuta cewa kumburin da ake gani a huhun mai IPF kaɗan ne, bai isa ya bayyana irin ɓarnar da ke wurin ba. A ganinsu ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jakunkunan ne ke ta samun ƙananan raunuka ba ƙaƙƙautawa, aikin gyaran kuma ya ƙi tsayawa. Ba kowa ya karɓa ba a lokacin. Abin da ya raba gardama shi ne gwajin PANTHER da aka yi a Amurka. An bai wa mutum 77 haɗin firedinisolon da azatayofirin da asetilsistin, haɗin da a lokacin shi ake bayarwa kusan ko'ina, aka bai wa mutum 78 abin da ya yi kama da magani amma babu komai a cikinsa. Cikin masu shan haɗin mutum 8 suka rasu, a ɗaya ɓangaren mutum 1. An kwantar da 23 a asibiti, a can 7. A watan Oktoba 2011 aka tsayar da wannan ɓangare na gwajin tun kafin lokacinsa. Ni tun daga nan na tsaya a kan cewa IPF ciwon ƙwayoyin shimfiɗa ne da faiburobulas, garkuwa 'yar rakiya ce.

Mai Binciken Garkuwa:
Ranka ya daɗe Likita, duk abin da ka kawo na PANTHER haka yake, amma ka yi min afuwa, kalmarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Gwajin ya nuna cewa danne garkuwa gaba ɗaya da waɗannan magunguna yana cutarwa. Bai nuna cewa garkuwa ba ta da hannu ba. Azatayofirin ƙwayoyin garkuwa da ake kira limfosait yake hana yaɗuwa, su kuwa ba su ne manyan abokan aikin faiburobulas a wannan cuta ba. Makurofej ne, ƙwayoyin nan masu haɗiye datti da matattun ƙwayoyi.

Kuma makurofej na huhu ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan gida, waɗanda suke zaune a jakunkunan iska tun farkon rayuwa, suna sabunta kansu a wurin, aikinsu share ƙura da tsohon ruwan da ke hana jakunkunan mannewa. Akwai kuma baƙi, waɗanda ɓargo ke haifa a matsayin monosait, su bi jini su shigo huhu in an ji rauni. A 2017 Alexander Misharin da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern da ke Chicago suka raba su a ɓeraye. Da aka kawar da baƙin, tabo ya ragu. Da aka kawar da 'yan gidan kafin a ji wa huhun rauni, tabon bai sauya ba. Suka kuma ga baƙin ba sa komawa, suna nan a huhun har bayan shekara.

A mutane ma, tun da aka fara karanta ƙwayoyin huhu ɗaya bayan ɗaya wajen 2019 da 2020, bincike daban-daban ya ci karo da wani rukunin makurofej mai fitar da sinadarin SPP1 da yawa, wanda ya yawaita a huhun masu IPF, musamman inda tabo ya yi tsanani. Sannan an gano cewa marasa lafiyar da adadin monosait ɗinsu ya yi sama a gwajin jini na yau da kullum sun fi saurin rasuwa. Abin da ke da irin wannan sawu a cuta ba za a kira shi ɗan rakiya ba.

Ɗalibar Aji Biyar:
Na gode Yaya. To amma zamansu kusa da juna ai ba hujja ba ce, tana yiwuwa tabon ne ya jawo su kawai. Me suke yi wa juna takamaimai?

Mai Binciken Garkuwa:
Tambaya mai kyau, kuma amsar ita ce duka biyun. Ki ɗauke su kamar magini da mai kawo masa kwaɓi. Muddin ana miƙo kwaɓi magini ba zai sauko daga gini ba, muddin magini na kira mai kwaɓi ba zai tafi gida ba, mai gidan da zai ce aiki ya ƙare kuma ba ya nan.

Daga makurofej zuwa faiburobulas: makurofej na fitar da PDGF, wanda ke sa faiburobulas su hayayyafa su matso wurin rauni, da TGF-beta, wanda ke sa su rikiɗe su zama mayofaiburobulas. Wannan rikiɗaɗɗen yana da zaren tsuke kansa irin na tsoka, yana kuma zuba kolajin fiye da kima. Giulio Gabbiani ne ya fara siffanta shi a 1971 a cikin naman da ke tsirowa a miki, shi ne ke janyo bakin miki ya haɗe. A fata in miki ya rufe, waɗannan ƙwayoyi mutuwa suke yi su ɓace. A IPF ba sa mutuwa yadda ya kamata, sai su taru curi-curi a ƙarƙashin shimfiɗar da ta lalace.

Daga faiburobulas zuwa makurofej: faiburobulas na fitar da CCL2 mai kiran monosait daga jini, da M-CSF wanda makurofej baƙi ke dogara da shi su rayu. A ɓeraye da aka toshe hanyar M-CSF, baƙin sun ragu, tabon ma ya ragu.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa ba sinadari ba ne, ja ne. TGF-beta ba a sake yake ba, a ɗaure ake ajiye shi cikin saƙar da ke kewaye da ƙwayoyi. In mayofaiburobulas ya kama saƙar ya tsuke, ɗaurin ya buɗe, sinadarin ya fito ya koma kansa ya ƙara zuga shi. In saƙar tana da laushi, jan ba ya buɗe komai, saƙar kawai ke biyowa. In ta yi tauri, kowane ja yana sako sabon TGF-beta. Ɗakin binciken Boris Hinz a Toronto ya nuna a 2019 cewa makurofej na jin motsin wannan ja a cikin kolajin daga nesa, su doshi inda yake fitowa, in sun iso su manne da mayofaiburobulas ta wani furotin mai suna kadiherin-11, su riƙa miƙa masa TGF-beta kai tsaye. An kuma taɓa ɗaukar faiburobulas na lafiyayyen mutum aka shuka a kan saƙar huhun mai IPF da aka wanke ƙwayoyinta, suka fara halin masu cuta. Ke nan tabon kansa yana haifar da tabo.

Likitan Ƙirji:
Malam, na ji daɗin bayanin, kuma na karɓi cewa makurofej na cikin aikin tsundum. Inda zan ci gaba da ja da kai shi ne wanda ya fara, da wanda in an taɓa shi mara lafiya zai amfana.

Yawancin hujjarka ta ɓera ce da aka ɗura wa biliyomaisin, maganin daji mai jawo tabo, a huhu. Wannan ɓeran kumburi mai ƙarfi yake fara yi, kuma in matashi ne tabonsa yakan ja baya da kansa bayan makonni. Mara lafiyata ɗan sittin da wani abu ne, nasa ba ya ja da baya. Magunguna nawa suka warkar da ɓera suka zo kan mutum suka faɗi? Intaferon-gama, wani sinadarin garkuwa, an gwada shi a kan mutum 826 da fatan ya juya garkuwa daga hanyar tabo, sakamakon da ya fito a 2009 bai nuna ƙarin tsawon rai ba. Fentirakzin-2, wanda aka yi shi musamman don sauya halin monosait da makurofej, ya ba da fata a ƙaramin gwaji, babban gwajin kuma aka tsayar da shi saboda ba alamar amfani.

Ka kuma dubi gado. Iyalan da cutar ke bi, abin da ake samu a jikinsu matsalar furotin ɗin ruwan jakunkunan iska ne, ko matsalar telomiya, ƙarshen zaren gado da ke gajarcewa duk lokacin da ƙwaya ta rabu. Babban sauyin gadon da aka gano a 2011, na MUC5B, na majinar hanyoyin iska ne. Duk suna nuna ƙwayoyin shimfiɗa. Wannan na MUC5B ma ya yawaita a Turawa, a 'yan Afirka kaɗan ne ƙwarai, wanda ya sa nake ƙara taka-tsantsan kafin na ce wa mutuminmu nasa tabon ba shi da sanadi.

Baban Amira:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma maganar nan a gidanmu take. Mahaifinmu ya daɗe yana busasshen tari da haki. A wani asibiti aka ɗauki hoton ƙirji aka ce tibi ne, ya sha magani wata shida cur, bai ji sauƙi ba, alhali gwajin kaki tun farko bai nuna komai ba. Yanzu sallar farilla a zaune yake yi, in ya yi alwala sai ya huta kafin ya isa darduma. Daga baya aka yi siti sikan aka ce huhun ya yi tabo. Wani mai kemis a unguwa ya ba shi firedinisolon, kuma gaskiya da ya fara sha ya ɗan samu ƙarfi, yana cin abinci. Yanzu na karanta abin da Likita ya rubuta na mutum 8 da 1, hankalina ya tashi. Mu tsayar masa da shi yau?

Mai Haɗa Magani:
Baban Amira, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku tsayar masa da shi kwatsam. Wanda ya yi makonni yana shan firedinisolon, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, in aka yanke lokaci ɗaya jini na iya faɗuwa ya galabaita. A hankali ake rage shi, kuma likita ne zai tsara. Ku ɗauki kwalin maganin ku tafi da shi asibiti, ku faɗi yaushe ya fara da guda nawa yake sha a rana.

Ƙarfin da kuka ga ya samu, sitiroyid haka yake yi wa kusan kowa, yana buɗe ciki ya sa mutum jin garau. Shi ne dalilin da 'yan mata ke sayen deksa, wanda shi ma sitiroyid ne, a matsayin sha-ka-fashe. Jin daɗin jiki daban, tsayawar tabo daban. Abin da ke damuna a ƙasarmu ma ya wuce na Amurka, domin mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar tibi a kwance a jikinsu, sitiroyid na dogon lokaci kuma yana iya tashinta. Ga hawan sukari, ga hawan jini, ga raunin ƙashi ga tsoho.

Nas ɗin Sashen Tibi:
Abin da ya faru da Baba ina ganin irinsa, kuma yana min ciwo. In GeneXpert, gwajin kaki na gano tibi, bai ga komai ba, mutum ba ya zazzaɓin dare, ba ya zufa, an gama magani tarin na nan, ya kamata a tsaya a sake tunani, ba a sake ɗora shi a kan zagaye na biyu ba. Akwai alamu biyu da ba sa buƙatar kuɗi. Ka sa abin sauraro a bayan mara lafiya, can ƙasa, ɓangare biyu, za ka ji wata siririyar ƙara ƙaras-ƙaras a ƙarshen jan numfashi, wadda tari ba ya kawar da ita. Sannan ka dubi yatsunsa, sau da yawa kan yatsun ya kumbura farcen ya lanƙwaso.

Amma zan ƙara abu ɗaya don kada a juya maganar. Shi kansa tibi yana barin tabo, kuma ina jin a wajenmu tabon bayan tibi ya fi IPF yawa nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne nasa yawanci a saman huhu yake, kuma in an kashe ƙwayar cutar ba ya ci gaba da yaɗuwa irin na IPF.

Likitan Ƙirji:
Sista ta faɗi gaskiya. Baban Amira, abin da Malam mai haɗa magani ya ce shi za ku bi. Kuma kada lambobin PANTHER su firgita ku tukuna, domin na masu IPF ne kaɗai, mu kuwa ba mu tabbatar Baba IPF gare shi ba. Tabon huhu gida ne babba, cututtuka da yawa ne a ciki, a wasunsu ma danne garkuwar shi ne maganin. Ba ni da ikon yanke hukunci daga nan, amma ka amsa min waɗannan, su ne likitan da zai gan shi zai tambaya. Wace sana'a ya yi tun yana saurayi? Ya sha taba? Yana kiwon tsuntsaye, ko yana shiga rumbu ko wurin da ake tara hatsi da harawa mai fumfuna? Gaɓoɓinsa na kumbura ko su ƙage da safe, fatar yatsunsa ta yi tauri, yatsun na sauya launi in an yi sanyi? Ya taɓa daɗewa yana shan amiyodaron na zuciya ko naitirofurantoyin na ciwon fitsari?

Baban Amira:
Likita, Allah ya saka da alheri. Taba bai taɓa sha ba, ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa. Gaɓoɓi lafiya. Amma tattabaru kam, tun muna yara yake kiwonsu. Ɗakinsu yana jingine da tagar ɗakinsa, kuma shi da kansa yake share kashin da tsintsiya yana tarawa a buhu don masu lambu. Ko yanzu da ba ya iyawa, kujerarsa a gefensu take da yamma.

Likitan Ƙirji:
To wannan magana ce babba, ka tabbata ita ce farkon abin da za ka faɗa wa likitan ƙirji. Akwai cutar da tun 1965 aka siffanta ta a masu kiwon tattabaru. Furotin da ke cikin busasshen kashi da farar ƙurar gashinsu yana shiga har jakunkunan iska, garkuwar wasu mutane ta ɗauke shi abokin gaba. Ba kowane mai kiwo ke kamuwa ba, shi ya sa ake raina abin. A Indiya da aka tattara bayanan masu irin waɗannan cututtuka sama da dubu aka buga a 2017, kusan rabinsu wannan nau'in na shaƙar abin da jiki ya ƙi ne, ba IPF ba. In ya tabbata shi ne, babban magani raba Baba da tsuntsayen gaba ɗaya. Ba mayar da su bayan gida ba, fitar da su daga gidan, a wanke wurin da ruwa, kuma ba shi zai wanke ba. Na san zai yi masa wuya, abin da mutum ya shaƙu da shi shekara da shekaru. Ku samu wanda yake jin maganarsa ya zauna da shi.

Mai Binciken Garkuwa:
Allah ya ba shi lafiya. Ƙanwata ɗaliba, ki lura da wannan, domin a nan amsar tambayarki ta rabu biyu. A ciwon masu tattabaru garkuwa ce a gaba ba tantama: limfosait sun cika huhu, makurofej sun dunƙule ƙulli-ƙulli, faiburobulas daga baya suke amsa kira. Haka a sikiloroderma, cutar da ke taurara fata, inda gwajin da aka buga a 2016 ya nuna amfanin maikofenolet, maganin danne garkuwa, ga huhu, a 2021 kuma Amurka ta amince da tosilizumab mai toshe sinadarin kumburi IL-6. Amma ko a waɗannan, in aka makara har saƙar ta yi tauri, wancan zagayen na ja da TGF-beta yana iya ci gaba da kansa ko an cire abin da ya tayar da shi. A lokacin sai cutar ta koma tafiya irin ta IPF. Shi ya sa gwajin INBUILD na 2019 ya haɗa masu tabo mai ci gaba daga sanadi daban-daban, ya kuma ga nintedanib, maganin rage gudun tabo, ya rage saurin lalacewar huhunsu.

Ɗan Anka:
Malamai, tunda an zo kan sanadi, ku taɓa mana maganar ƙurar dutse. A wajenmu kowa ya san gubar dalma saboda abin da ya faru a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu a ƙauyuka irin su Bagega. Amma samarin da ke niƙa dutsen zinare a busashe da injin niƙan hatsi, waɗanda ke fitowa fari fat har gira da gashin ido, ba mai yi musu maganar huhu. Wasu tsumma kawai suke ɗaurawa a hanci. Su ma wannan tabon ne ke jiransu?

Mai Binciken Garkuwa:
Shi ne, kuma a nan aikin makurofej a fili yake, ko Likita ba zai musa ba. Dutsen da zinare ke ciki yawanci cike yake da silika. Ƙurar da ke kashewa ba wadda ido ke gani ba ce, 'yar mitsitsiyar ce da ke wuce hanci da maƙogwaro ta sauka a jakar iska. Makurofej ya haɗiye ta kamar yadda ya saba, amma ba zai iya narkar da dutse ba. Ƙurar ta fasa jakar narkarwar da ke cikinsa, wani tsarin ƙararrawa mai suna NLRP3 ya tashi, ya saki IL-1beta, ƙwayar ta mutu, ƙurar ta fito yadda ta shiga, wani makurofej ya sake haɗiyewa. A 2008 aka fayyace wannan hanya. Haka za a yi ta yi, faiburobulas suna naɗe wurin da kolajin zobe bayan zobe, ko da mutum ya bar aikin shekaru. Kuma tunda makurofej ne ke tsare tibi, mai wannan cuta haɗarin kamuwarsa da tibi ya ninka kusan sau uku.

Likitan Ƙirji:
Ban musa ba. Ɗan Anka, ka gaya musu tsumma ba ya tare wannan ƙura, kuma babu maganin da ke fitar da ita in ta shiga. Abin da ke aiki shi ne ruwa: a jiƙa dutsen, a riƙa fesa ruwa a bakin inji, kada a share wurin a bushe. Haka ga masu fasa dutse a gefen gari. Ostireliya saboda wannan cuta ta haramta dutsen haɗi da ake shimfiɗa wa teburin kicin gaba ɗaya a 2024, bayan ta ga samari suna kamuwa. Duk wanda ya yi wannan aiki yana tari, a gwada shi tibi, in babu kuma kada a sallame shi haka nan.

Ɗalibar Aji Biyar:
Na fahimta sosai, Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya. Tunda TGF-beta ne a tsakiyar komai, me ya hana a toshe shi kawai a huta?

Mai Binciken Garkuwa:
Saboda shi ne kuma birkin garkuwa. Ɓerayen da aka cire wa TGF-beta na ɗaya tun farkon shekarun 1990, cikin 'yan makonni da haihuwa kumburi ya mamaye gaɓoɓinsu suka mutu. Sinadarin da ke sa tabo shi ne ke hana garkuwa cin jikin mai ita, yana kuma cikin masu tsare ƙwayoyi daga zama daji a matakin farko. Don haka ake neman toshe shi a wurin da ake kwance ɗaurinsa kaɗai, ko a bi ta wata hanya. Ni fatana yana kan abin da zai taɓa ɓangarorin biyu tare. Maganin nerandomilas, wanda sakamakon manyan gwaje-gwajensa ya fito a 2025, yana aiki a kan ƙwayoyin garkuwa da faiburobulas duka, kuma ya rage saurin raguwar numfashi.

Mai Haɗa Magani:
Don kada wani ya karanta ya ɗauka an samu waraka: firfenidon da nintedanib, waɗanda Amurka ta amince da su a Oktoba 2014, ba sa goge tabon da ya riga ya zauna. A gwajin INPULSIS, iskar da masu shan nintedanib ke iya fitarwa ta ragu da kusan mililita 114 a shekara, ta waɗanda ba su sha ba kusan 224. Rage gudu ne da kamar rabi. Fiye da rabin masu shansa suna gudawa, kuma dole a riƙa duba hanta. Firfenidon yana sa fata ta ƙone a rana, abin lura ga mai zama a ƙasa irin tamu. Tsada da wuyar samu kuma sai wanda ya nema ya sani.

Likitan Ƙirji:
Malam mai bincike, zan ba ka wani abu da ya fi kusa da ra'ayinka fiye da nawa. Da aka koma kan jinin mutanen PANTHER aka buga a 2019, an ga cewa waɗanda haɗin ya fi cutarwa su ne masu gajeren telomiya. Wato garkuwarsu da ma ta tsufa ta gaji, aka zo aka ƙara danne ta. Har yanzu ina kan cewa a IPF daga shimfiɗa abin yake farawa, kuma sai na ga maganin makurofej ya yi nasara a babban gwaji na mutane kafin na sauya abin da nake rubuta wa mara lafiya.

Baban Amira, in za ku je ku tafi da faifan siti sikan ɗin kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba, da katin maganin tibi, da kwalin firedinisolon. Ku nemi a yi masa gwajin hura iska don a samu ma'aunin da za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba, a kuma auna oksijin ɗinsa yana tafiya, ba a zaune ba.

Baban Amira:
In sha Allahu haka za a yi. Na kira yayanmu, ya ce yau da daddare zai zauna da Baba kan maganar tattabarun, akwai abokinsa a wata unguwa da zai iya karɓarsu. Zan dawo in sanar da ku abin da likitan ya ce.